Casio W-735H a hannun ma'aikacin jirgin ruwa: yana tayar da mutum, amma da sharaɗi

Wanda zai karɓi duti ƙarfe 4 na asuba a tsakiyar teku abu uku yake nema daga agogo: ya tashe shi ba tare da ya tashi na kusa da shi ba, ya riƙe masa lokaci biyu a tare, kuma kada ya sauya lokaci da kansa. Casio W-735H yana yin ukun nan. Agogon roba ne mai lambobi, yana jure ruwa har mita 100, yana da ƙararrawa mai girgiza, da lokaci na biyu, da ma'aunin daƙiƙa, da ƙidayar baya-baya da ke kaiwa awa 24. Kamfanin ya ce batirinsa na kai shekara 10. Ba ya haɗuwa da waya ko intanet, kuma a jirgi wannan ba aibi ba ne.

Dalili kuwa, waya ce ta fi jefa ma'aikata cikin makara. Lokacin jirgi umarnin kyaftin ne, ba na ƙasar da ake wucewa ba. Da zarar jirgi ya matso gaɓa waya ta kama sabis, sai ta koma lokacin ƙasar nan in ba a kashe saitin ba, ƙararrawar da aka sa ta buga awa ɗaya kafin lokaci ko bayansa. Ga shi a jiragen dakon mai da gas ba a fita da waya saman jirgi, kamfanoni da yawa ma sun hana agogon zamani mai haɗuwa da waya. Agogo mai ƙaramin batir galibi ba a hana shi, amma a duba dokar jirgin kafin a fita da shi.

Saitin farko shi ne a mayar da shi tsarin awa 24. Kuskuren sa 3:25 na yamma a madadin 3:25 na dare ya fi yawa ga mai saiti da barci a ido. Sannan babban lokaci ya zama lokacin jirgi, na biyun a bar shi a kan UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, kada a taɓa shi har a sauka, domin da shi ake karanta hasashen yanayi da saƙonnin gargaɗi. Ƙararrawa babban lokaci take bi, a riƙe wannan da kyau.

Inda agogon ya fi nuna amfaninsa, kuma inda aka fi yin kuskure da shi, shi ne daren sauya lokaci. Kowane digiri 15 da aka ci zuwa gabas awa ɗaya ce ake ƙarawa. Jirgin da ke gudun mil 20 na teku a awa yana cin mil 480 a kwana ɗaya, a wajen digiri 45 arewa ko kudu da layin tsakiyar duniya kuwa faɗin digiri 15 ɗin nan kimanin mil 636 ne, ke nan a kowane dare huɗu sai an tura agogo gaba a uku. Jiragen da ke tsarin awa 4 aiki awa 8 hutu sukan raba awar nan gida uku, minti 20 ga kowane dutin dare. To mai dutin 4 zuwa 8 ya lura: kafin ya farka an riga an tura minti 40, wato 20 na masu 8 zuwa 12 da 20 na masu 12 zuwa 4. Sauran 20 ɗin a nasa dutin za a tura. Saboda haka kafin ya kwanta minti 40 zai ƙara wa agogonsa, ba awa guda ba. In ya ƙara awa cikakkiya ya yi wa kansa asarar minti 20 na barci, in ya manta gaba ɗaya kuwa ya bar abokin aikinsa tsaye minti 40. In yamma aka nufa lissafin ya juya. Wasu kyaftin kan sauya awar a lokaci guda, don haka a karanta umarnin dare, kada a yi zato.

Babban gibin W-735H shi ne ƙararrawarsa ɗaya ce tak, kuma girgizar kimanin daƙiƙa 10 take yi ta tsaya. Mai duti biyu a rana sai ya riƙa sake saiti safe da yamma. Maganin da ke aiki shi ne a mai da ƙidayar baya-baya ƙararrawa ta biyu. Wanda ya kwanta ƙarfe 21:00 ya sa ƙararrawa a 03:25, sai ya sa ƙidaya awa 6 da minti 30, ta buga a 03:30. A daren da aka tura agogo gaba ya rage ta zuwa awa 5 da minti 50, domin ita lokacin da ya wuce take ƙirgawa, babu ruwanta da abin da agogon bango ya nuna.

Ita girgizar tana da ƙarfi daidai gwargwado, amma ɗakin kwanan da ke kusa da injin ko farfela shi ma girgiza yake yi dare da rana, jiki kuma yakan saba. A matse maɗaurin da rami ɗaya fiye da na rana, a juyo fuskar agogon cikin hannu inda fata ta fi laushi. Agogon da ke lilo a hannu rigar barci kawai yake girgizawa. Wanda ya san barcinsa na da nauyi kada ya dogara da shi kaɗai, ya nemi a buga masa wayar ɗaki daga ɗakin tuƙi kamar yadda aka saba.

Minti 35 da ke tsakanin 03:25 da 04:00 ba su da yawa, shi ya sa ake shirya su tun dare. Kayan aiki da takalmi da tocila a ajiye su wuri ɗaya kafin a kwanta. Agogo na girgiza a sauke ƙafa ƙasa a kunna fitila, domin barci ɓarawo ne, wanda ya ce bari ya ƙara minti biyu a kwance ba shi ke yanke lokacin tashinsa ba. A sha ruwa, a wanke fuska, a bar waya inda take. Zuwa 03:45 a kasance a ɗakin tuƙi. Ƙa'idar STCW, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan horo da dutin ma'aikatan jirgin ruwa, ta ce mai karɓar duti ba zai karɓa ba sai idonsa ya saba da duhu, wannan kuwa yana cin minti 10 zuwa 15 a ƙalla, ga karanta umarnin dare da duba matsayin jirgi da jiragen da ke kusa. A nan fitilar agogon takan zama matsala: haskenta na da ƙarfi, dannawa ɗaya na iya ɓata sabawar da ido ya yi da duhu. A kare ta da tafin hannu.

Kofi a sha shi a farkon duti. Rabin sinadarinsa na nan a jiki bayan kimanin awa 5, wanda ya sha ƙarfe 7 zai kwanta ƙarfe 9 ido biyu. Ɗan barcin rana kuma a sa masa ƙidayar minti 20. In ya zarce zuwa barci mai zurfi, mutum kan tashi kansa a ɗaure, ya fi kafin ya kwanta kasala.

Ma'aunin daƙiƙar, wanda mutane da yawa ba sa taɓawa, yana da amfani wajen cike takardar hutu. Gyaran STCW da aka yi a Manila a 2010 da yarjejeniyar MLC ta 2006 kan haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa sun ajiye hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana 7. Ba a raba hutun fiye da gida biyu, ɗayan kada ya gaza awa 6, tazarar da ke tsakanin hutu da hutu kada ta wuce awa 14. In aka tashe ka ɗaure jirgi a tasha cikin dare, danna shi lokacin da aka kira ka, ka tsayar lokacin da ka dawo ɗaki. Abin da aka cike daga ka bayan kwana uku yakan saɓa da littafin jirgi, masu binciken tasha kuwa gwada biyun suke yi. Masu tsarin awa 6 aiki awa 6 hutu su ƙara lura: in aka raba awar sauyi minti 30-30, hutun daren ya koma awa 5 da rabi, in ɗaya hutun ma bai cika awa 6 ba an faɗi ƙasa da ƙa'ida, sai a sanar da babban hafsa a gyara jadawali.

Jikinsa na da kauri, yakan maƙale a bakin safar hannu. Man dizal da sinadaran wanke-wanke da zafin rana suna busar da maɗaurin roba har ya tsage, galibi a wajen ramin da aka fi amfani da shi. A ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan ruwan gishiri ya taɓa shi, kada a danna maɓalli a cikin ruwa, kuma a cire shi kafin a sa hannu kusa da injin da ke juyawa. Shekara 10 ta batir lissafin amfani kaɗan ne, mai girgiza sau huɗu a rana da fitila duk dare ba zai kai ba. Ranar sauya batir a duba zoben robar murfin baya, in ya bushe ko ya karkace mita 100 ɗin ta zama labari.

Ga mai duti ɗaya ko mai aikin rana, W-735H ya wadatar. Wanda ke tashi sau biyu ko uku a kwana ɗaya kuma ba ya son sake saiti kullum ya duba G-Shock GD-350, shi ma yana girgiza, ƙararrawarsa biyar ce, yana jure ruwa mita 200, sai dai ya fi girma a hannu kuma batirinsa bai kai na wannan daɗewa ba.