Masu buga Master Duel ku kiyayi mutumin nan mai haɗa gasa a WhatsApp

Salam jama'a. Wlh da na so in yi shiru saboda abin da kunya, amma jiya da daddare na ga an sake turo fulayar gasar da aka damfare mu da ita a wani gurup, an canza kalarta daga shuɗi zuwa ja, to in na ja bakina wani ya je ya faɗa ramin da muka faɗa ai ina da kamasho.

Ni da ƙanina muna buga Yu-Gi-Oh! Master Duel, wasan kati ne da ake bugawa a waya. Ni na fara tun 2022, shekarar da Konami, kamfanin da ya yi wasan, ta fito da shi, shi kuma daga baya ya shigo amma ya fi ni naci nesa ba kusa ba, yaron da ko abinci yake ci wayar na jingine da kwano. Da ya kai matakin Platinum sai ya fara damuna wai shi fa ya gaji da buga rank, wato karawar hawa mataki ta cikin wasan, gasa yake so ya shiga, wadda ake fitar da mutum a san waye gwani. Ana cikin haka wani da suka haɗu a wasan ya jefa shi wani gurup, shi kuma ya jawo ni.

Fulayar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ga tambarin Konami a sama, ga hoton Blue-Eyes White Dragon ya buɗe baki, an rubuta wai gasar share fage ce ta zuwa gasar duniya, kuɗin rijista naira 3,000, na ɗaya zai tashi da 200,000 da jem 10,000, wato kuɗin cikin wasan, da za a tura masa cikin akawun ɗinsa. Gurup ɗin admin kaɗai ke magana, sai can da yamma ya buɗe na ɗan lokaci, nan da nan sai ka ga wasu lambobi huɗu ko biyar sun fara turo sikirinshot na alat, "oga mun gode mun ga saƙo", "Allah ya ƙara arziki oga", wai kuɗin gasar da ta wuce ne. Sai daga baya da na koma ina bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya na lura dukkansu kuskuren rubutu iri ɗaya suke yi, kowa "nagode" ɗinsa da digo uku a ƙarshe. Mutum ɗaya ne da layuka da yawa yake tafa wa kansa.

Muka tura dubu shida, ni da shi. Sunan da ya fito a akawun ɗin bankin na mace ne, na tambaya, ya ce ai ma'ajiyarsu ce. Na ce to.

Da a nan abin ya tsaya ma da ba zan yi wannan dogon rubutun ba, dubu shida a ce an sha data da ita. Kwana ɗaya kafin gasar sai ya turo linki wai na tantance dek, wato katunan da mutum ya haɗa zai buga da su, wai dole alƙalai su shiga su duba ko mutum ya saka katin da aka haramta. Fom ɗin yana neman imel ɗin Konami ID ɗinka, wato akawun ɗin da wasanka ke haɗe da shi, da faswod, kuma ya ce in lamba ta shigo imel ɗinka ka turo masa da sauri kafin ta mutu, duk wanda bai cike ba kafin 10 na dare an cire shi kuma ba a mayar da kuɗi. Ni abin da ya cece ni ba wayo ba ne, ina shago ranar kuma cajina ya ƙare, babu wuta tun rana. Ƙanina yana gida, ya cike, ya tura lambar.

Da asuba bayan mun dawo masallaci na same shi zaune a kan tabarma ya riƙe waya da hannu biyu, ya ce "Yaya, wasan ya fitar da ni." Ya sa faswod aka ce ba daidai ba, ya nemi a turo masa sabo, shiru, an riga an canza imel ɗin. Muka duba gurup, an cire mu duk biyun, lambar admin kuma ta yi bulokin ɗinmu. Abin da ya fi yi masa ciwo sai bayan kwana uku, wani abokinsa da ba a cire ba ya nuno masa sitatus ɗin mutumin, ya sa hotunan wani akawun wai na sayarwa ne, cike da UR, wato katunan da suka fi daraja, farashi sai an zo inbos. Yaron nan yana gani ya gane nasa ne, saboda akwai katin Ash Blossom guda ɗaya mai ƙyalli na musamman da ake kira Royal da ya taɓa cirowa a fak, wato ƙunshin katuna, ranar har ihu ya yi Umma ta fito da gudu ta zata wani abu ne ya same shi.

Yanzu ga abin da ya kamata a ce na tsaya na yi tunani a kai tun farko, kuma ni da na fi shekara uku a wasan nan na san su sarai, kwaɗayi ne kawai ya rufe min ido.

A Master Duel babu yadda za a yi wani ya tura maka jem ko kati. Babu musaya tsakanin 'yan wasa kwata-kwata. Kati ko dai ka ciro shi a fak, jem 100 fak ɗaya mai kati 8, ko ka same shi a kyautar wasan, ko ka ƙera shi da kanka, ka narka kati uku masu daraja ɗaya kowanne ya ba ka maki 10, ka haɗa 30 ka ƙera wanda kake so, UR da UR, SR da SR. To wanda ya ce zai tura maka jem 10,000 ta ina zai turo? Jem na kyauta ma 9,999 ne iyakar abin da akawun yake riƙewa. Hanya ɗaya ce, sai ka ba shi makullin gidanka ya shiga, kuma abin da yake nema kenan tun farko.

Maganar tantance dek kuwa ita ta fi ba ni haushin kaina. Wasan da kansa ba ya barinka ka shiga rank da katin da aka haramta ko ka wuce adadin da aka ƙayyade, dek ɗinka daga kati 40 zuwa 60, na gefe mai su Fusion da Synchro da Xyz da Link bai wuce 15 ba, in ka saɓa zai ƙi karɓa. Masu haɗa gasa na gaskiya da ke son ganin dek, sikirinshot suke karɓa, shikenan. In kuma mutum yana son ya gayyace ka wasa, lambar ɗan wasa mai lamba 9 da ke jikin furofayil ɗinka ta ishe shi, ko ya ba ka lambar Duel Room, wato ɗakin karawa na cikin wasan, ka shiga, har 'yan kallo ana iya bari su shigo. Ba ruwan kowa da faswod ɗinka.

Sannan wai share fagen gasar duniya a gurup ɗin WhatsApp, haba. Hanyar zuwa gasar duniya a cikin wasan take, kana buɗewa za ka gan ta a sanarwa, kuma ba a biyan ko sisi. Akwai Duelist Cup, zagayen farko kana cin wasa kana hawa mataki har ka kai ƙarshe, sai zagaye na biyu na kwana uku da ake tara maki, mutane ba sa barci saboda shi. Akwai kuma share fagen gasar duniyar kanta da ake yi duk shekara. A 2023 aka fara saka Master Duel a gasar duniya, a Tokyo aka yi, ƙungiya-ƙungiya mutum uku uku, a 2024 aka yi a Siyatil ta Amurka. Kuma duk wanda ya daɗe a harkar Yu-Gi-Oh! ya san Konami ba kuɗi take rabawa a gasanninta ba, kofi ne da katunan kyauta da makamantansu. Wannan kaɗai ya isa ya sa in tsaya da na ga dubu ɗari biyu a ƙarƙashin tambarinsu.

Ba wai ina cewa duk gasar da aka ce a sa kuɗi damfara ba ce. In ku goma ne a majalisa kun san juna, kowa ya ajiye ɗari biyar a hannun wanda kuka yarda da shi, kuka buɗe Duel Room kuka fafata, wannan tsakaninku ne. A manhajar Discord ma akwai masu haɗa gasa kyauta kusan kullum, jadawalin a buɗe kowa yana ganin wa zai kara da wa, can ya kamata sabon shiga ya fara ya sha kashi ya koyi lokacin da ake jefa Ash Blossom da lokacin da ake haƙuri. Dek kuma ba sai ka sayi akawun ɗin kowa ba, ka bi Solo, inda kake karawa da kwamfuta, ka kwashi jem, Structure Deck, wato dek haɗaɗɗe, jem 500 ne, ka sayi iri ɗaya sau uku ka gyara, ya isa ka fara. Sayen akawun ma ya saɓa dokar wasan, kuma yanzu na san daga inda ake samo wasunsu.

Shi wannan mutumin har jem yake tallatawa a rabin farashi, wai ka ba shi akawun ya saya maka ya dawo da shi. Ko da ya dawo da shi, ka tambayi kanka da katin bankin wa ya biya.

Wani abu kuma, ranar da muka yi cigiya a wani gurup, ko awa biyu ba a yi ba wata baƙuwar lamba ta yi wa ƙanina magana, wai shi ɗan kutse ne, yana dawo da akawun da aka sace, a ba shi 5,000 kafin ya fara aiki. "Nagode" ɗinsa da digo uku.

Mun rubuta wa sashen taimako na Konami, mun tura lambar ɗan wasan da rasit ɗin Google Play na wani jem da ya taɓa saya, dan Allah ku ma ku dinga adana irin wannan rasit ɗin da sikirinshot na furofayil, shi ne shaidarka ranar da ta ɓaci. Na kai ƙorafi banki da lambar akawun ɗin da muka tura wa kuɗin, lambarsa ta WhatsApp kuma mun yi rifot. Ba zan sa lambar a nan ba don ya riga ya canza layi, sunan matar nan kuma ban san ko ita ma amfani aka yi da ita ba. Wanda ya riga ya cike fom ɗin, yanzu yanzu ya je ya canza faswod na Konami ID da na imel ɗinsa, in faswod ɗaya yake amfani da shi a Facebook da sauran wurare su ma ya canza.

Fulayar da ke yawo yanzu ja ce, Dark Magician aka sa a maimakon Blue-Eyes, rijista ta koma 2,500, kuma wai saura gurbin mutum takwas.