Damagaram, Yamai ko Kano: ina ya fi dacewa ka karanci al'adun jama'a?

Duk shekara bayan sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, sai ka ji yaro na cewa shi fim yake son nazarta, ko waƙa, ko abin da matasa ke yi a fada da TikTok, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ƙanena, da wuya ka tarar da sashe mai suna nazarin al'adun jama'a a jami'o'inmu. Ana shiga ne ta sosiyoloji, ko adabi, ko tarihi, ko nazarin harshe. Saboda haka wuri za ka zaɓa, da malami, da harshen da za ka yi karatu da shi.

Mu fara da gida. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana bin tsarin lisansi shekara 3, masta shekara 2. Kana kwana gidanku, kana cin tuwon gidanku, ba kuɗin haya. Amma ba arha ce babbar ribarta ba. Abin nazarin ne ke kewaye da kai. Wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da gwamna da sojoji, da tufafinsu da tafiyarsu, jama'a na dariya masu mulki na kallo, shi kaɗai ya isa kundi guda: wa ya ba talaka damar kwaikwayon mai mulki, kuma ina iyakar damar? Ga hawan ƙaho, ga kiɗan fada a Birni, ga kirarin ƴan kokawa, ga mai tura finafinai da waƙoƙi a salula a kasuwar Dole, wanda ya fi kowa sanin abin da gari ke saurare wannan makon. Raunin jami'ar littattafai ne. Yawancin abin da za ka karanta sai ka nemo shi a intanet.

Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, kuma rayuwa da tsada. Abin da za ka saya da wannan wahala shi ne taska. Jami'ar Abdou Moumouni ta fi tsufa da yawan malamai, ga cibiyar bincike ta IRSH mai rubuce-rubucen ajami, ga CELHTO da aka kafa a 1968 don tattara adabin baka. In hankalinka na kan tsofaffin waƙoƙi da tarihin baka, can ya dace.

Kano kuwa kusan kilomita 240 ce kawai. In fim ne a ranka, babu kamarta. A can masana'antar Kannywood take, a can hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001 take, kuma a Jami'ar Bayero ne Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana rubutu kan finafinan Hausa, littattafan soyayya da tasirin finafinan Indiya. Sashen harsunan Najeriya kuma yana koyarwa da Hausa, abin da ke faranta mini rai ƙwarai. Sai dai digirin farko shekara 4 ne, baƙo yana biyan kuɗi fiye da ɗan ƙasa, akwai zirga-zirgar daidaita takardu, ga yajin aikin malamai, wanda a 2022 ya kai wata 8. An kuma rufe iyaka a 2023, ɗalibai suka ji jiki.

Akwai batun da ake yawan tsallakewa, wato harshe. Ra'ayoyin wannan fanni sun yi ƙarfi ne a Ingila, a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham da Richard Hoggart ya kafa a 1964, Stuart Hall ya gaje shi. Hall ya nuna cewa mai kallo ba ya haɗiye saƙo yadda aka aiko shi, yana iya karɓa, ya yi ciniki da shi, ko ya ƙi. Zauna da mata suna kallon fim a tsakar gida ka ji yadda suke gardama da jarumar, za ka ga haka da idonka. Da Faransanci za ka samu littattafan masanin sosiyoloji Bourdieu cikin sauƙi, amma mafi yawan abin da aka rubuta kan al'adun Hausa na zamani da Ingilishi yake. Ko ina ka zaɓa, ka dage da shi tun shekarar farko.

Ni dai shawarata, ka yi lisansi a Damagaram, kana naɗar murya da hoto da izinin masu abin, kana rubuta rana da wuri. Masta kuma ka bi abin da ka tara: fim da waƙar zamani su kai ka Kano, adabin baka ya kai ka Yamai. Kafin ka biya ko dala, nemi malamin da kake so ya duba aikinka, ka karanta abu ɗaya da ya rubuta, ka kuma tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana karanta kundi da gaske, da kuma wata nawa yake ɗauka kafin ya mayar.