Wace edita za ka ɗauka idan kana so ka riƙa yin komit daga ciki

Tun 2005 da Linus Torvalds ya fitar da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, mutane suke buga git add da git commit a tamina, tagar rubuta umarni, don yin komit, wato adana canjin da suka yi cikin wannan tarihi, kuma har gobe yana aiki, amma in kullum kana kan rubuta kod gaskiya fita daga edita, wato manhajar da kake rubuta kod ɗin a ciki, duk bayan minti goma akwai gajiya. Ni abu ɗaya nake dubawa kafin komai, shin editar za ta nuna min layukan da na canza ƙarara, ta bar ni in ware waɗanda za su shiga komit in bar sauran?

Dalilina kuwa na taɓa ƙonewa. Wani dare ina sauri saboda an ɗauke wuta batir saura kashi 9, na danna komit ban ware komai ba, editar VS Code ta tambaye ni ko ta kwashe duka, na ce eh, ashe fayil ɗin .env mai ɗauke da makullin sirri yana ciki, na tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod. Washegari sai da na soke makullin na nemi sabo, don goge fayil ɗin ba ya cire shi daga tarihi.

Duk da haka VS Code ɗin nake ba wa mai farawa shawara. Kyauta ce, ta Microsoft, tun 2015. Ctrl+Shift+G zai buɗe maka ɓangaren Git, ka danna fayil ka ga tsoho da sabo gefe da gefe ja da kore, alamar + ta ware shi, ka rubuta saƙo ka danna Ctrl+Enter shikenan. Har layi uku kacal za ka iya haskakawa ka ware su kaɗai. Kawai in waccan tambayar ta fito kar ka kuskura ka zaɓi Always, wato ta riƙa kwashe duka kullum ba tambaya. Matsalarta cin RAM, a laftof ɗin gwanjo mai 4GB in ka haɗa ta da Chrome za ka ji fanka tana kuka.

PyCharm da IntelliJ na JetBrains sun fi ta nauyi ma, Ctrl+K komit, Ctrl+Shift+K turawa, sai dai wajen warware karon canje-canje tsakaninka da abokin aiki ban ga kamarsu ba. Sublime Text kuma ba nauyi ko kaɗan amma alamar canji kawai take nunawa, komit sai ka haɗa da manhajarsu ta Git mai suna Sublime Merge ko ka saka wani ƙari, kuma lasisinsu da dala ake biya.

Wadda ta kwanta min a rai dai Magit ce, ƙarin Git na cikin editar Emacs. C-x g (C ɗin Ctrl ke nan), ka sauka kan guntun canji ka danna s, sai c c ka rubuta saƙo, C-c C-c ka rufe, hannunka bai taɓa maus ba. Satin farko za ka sha wahala, ba zan ɓoye maka ba. Masu editar Vim suna da ƙarin fugitive na Tim Pope, :G sai s sai cc, kuma Vim na tafiya lafiya lau a Termux, manhajar tamina ta waya, wanda wayar Android ce kaɗai kwamfutarsa nan ya dosa. Komit ba ya cin data ko kaɗan, ka tara abinka sai ka samu sabis ka tura.