Jan zaren nan ya ɓata mini aikin mako biyar

Na so in bari zuciyata ta huce kafin in rubuta wannan sharhin. Kwana goma ke nan ba ta huce ba, don haka ga shi a yadda yake.

Kayan ɗinkin hannun nan ne na masu koyo da ke zuwa a haɗe: zoben katako na ɗame ƙyalle mai faɗin santimita 20, farin ƙyallen auduga da aka riga aka buga wa zanen furanni da shuɗiyar tawada, allura biyu, zare kala 12, sai 'yar takardar bayani. Na zaɓi mai kwandon furanni, manyan jajaye uku a tsakiya, ganye na zagaye da su. Ranar da ya iso hannuna wallahi na yi murna. Zoben sumul yake, ba ya kama zare, notinsa kuma yana ɗaurewa tam, ƙyallen ya ɗame har in ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ganga. Da a ranar na yi sharhi, tauraro biyar zan ba su ban ko waiwaya ba.

Ni ba gwana ba ce. Da dare nake zama in yi sa'a ɗaya ko biyu bayan gida ya yi tsit. Ganyen bai ba ni wahala ba, kwandon ma ɗinkin sarƙa ne, hannu na kamawa shi ke nan. Jajayen furannin ne suka sha ni. Cike su ake yi, zare kusa da zare, ba a so a ga ƙyallen ta tsakani, kuma da sili biyu kacal daga cikin shidan da ke jikin zaren. Fure na farko sau uku ina tufka da warwara kafin ya kwanta yadda nake so. Sannan ga ƙananan ƙulle-ƙullen nan na tsakiyar fure da ake naɗa zare a jikin allura sau biyu a soka, na yi sun fi ɗari, ɗan yatsana har kanta ya yi. Mako biyar cur. Da na gama na ɗaga shi a gaban fitila, ni kaina ban yarda hannuna ne ya yi ba. Mamanmu na yi niyyar kai wa, ta rataye a ɗakinta.

Abin da ya rage kawai a wanke shuɗin zanen da ke leƙowa ta gefen ɗinki. Takardar ta ce a tsoma a ruwan sanyi, kada a yi guga kafin tawadar ta fita don zafi na iya kama ta a jikin ƙyalle. Haka na yi, ban ƙara ko ɗigon sabulu ba. Shuɗin ya narke nan take, har na fara murmushi. Ina juya ƙyallen sai na ga wani abu kamar hayaƙi ja yana tasowa daga furen tsakiya. Kafin in ce me, ruwan robar ya koma ruwan hoda, kowane jan fure ya yi wa kansa da'ira a kan farin ƙyallen, fararen ƙananan furannin da ke gefe kuwa sun sha jan har sun sauya kala. Na tsaya riƙe da shi yana ɗiga, na rasa ma abin da zan ce.

Yayata na kira, ita da ta shekara da shekaru tana haɗa guntayen yadi tana ɗinka barguna. Ko jaje ba ta yi mini ba, cewa ta yi, “Ke ma dai, ba ki gwada zaren ba kafin ki fara?” Na ce, “Yaya, ina na san ana gwadawa?” Ashe yanko ɗan guntu ake yi a jiƙa, a danne shi cikin farin ƙyalle ko farar takarda, in zai zuba a nan zai nuna halinsa. Ta ce ja da baƙi da shuɗi mai duhu su ne ba a yarda da su. Ta hana ni barinsa ya bushe, ta ce in ci gaba da ɗauraya da ruwan sanyi ina sauyawa har ruwan ya fito garau, kuma kada in ɓata lokacina da gishiri ko ruwan kal, ba sa kama rinin da bai zauna a auduga ba. Ruwa tara na sauya, na bar shi a na goma ya kwana. Ya ragu sosai, ban ƙi gaskiya ba. Daga nesa ba za ka lura ba. Amma ni da na san inda tabon yake, nan idona ke fara sauka.

A nan na ce to, tauraro uku, tunda zoben na da kyau, zanen ma ya fita tsaf, kuma da ɗan laifina na rashin gwaji. Sai na tura wa mai sayarwar hotuna. Kwana huɗu shiru, ranar na biyar aka amsa mini da layi ɗaya, wai wataƙila ruwan zafi na sa. Ruwan zafi! Ni da na bi takardarsu kamar mai bin umarnin likita. Ba haƙuri, ba tayin sauya zare. Wannan amsar ce ta tono mini sauran abubuwan da na haɗiye a baya. Koren zaren ƙarewa ya yi saura ganye huɗu, sai da na cike da wani kore da ba su yi daidai ba. Ɗaya allurar kafarta na da kaifi, tana cin zare har ya tsinke a tsakiyar ɗinki. Jan kuwa tun farko gashi yake yi, ko na yanke shi gajere, daga yatsa zuwa gwiwar hannu kamar yadda ake so, sai ya tuje ya dinga sarƙewa. Na ɗauka rashin iyawata ne, ashe zaren ne tun asali ba na kirki ba. Kuma babu lamba ko ɗaya a jikin kalolin, balle in ya ƙare ka nemo irinsa.

Yaya ta aiko mini da jan zare na kamfanin DMC mai lamba 321, ɗauri biyu, kowanne mita 8. Na jiƙa guntu na danne cikin farin ƙyalle, ko alama babu. Jawo shi ma a allura daban ne, santsi kamar an shafa masa mai.

Tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin zoben ne, don har yanzu shi nake amfani da shi. In har kin riga kin saya, ki riƙe zoben da ƙyallen, zaren kuwa ki gwada kowace kala kafin ki soka allura. Na kwafi zanen a kan sabon ƙyalle na sake farawa, ina kan fure na biyu. Na farkon yana ƙasan akwati a naɗe, Mama ta tambaye ni shi sau biyu ina ce mata bai gama bushewa ba.