Yaron da ya gyara mana shafin gidan tarihinmu ya iya aiki

Jama'a bari in yaba wa wani matashi a nan Jos, shi ya sake mana shafin intanet na ɗan ƙaramin gidan tarihin da ƙungiyarmu ke kula da shi, na kayan haƙar kuza. Tsohon shafin wallahi sai ka ƙona data kafin hoto ɗaya ya buɗe, ga dogon turanci, ba lokacin buɗewa ba kwatance, mutane su zo Terminus a tsakiyar gari suna ta kiran waya wai ina ne wurin.

Da ya zo bai taɓa kwamfuta ba tukuna, wuni guda ya yi yana zagaya ɗakin yana tambaya. Ya tsaya kan wani tsohon kwanon da lebura ke ɗaukar ƙasa a ka, duk ya lotsa gefe ya cinye, ya ce Baba wannan shi za mu sa a gaba. Ni na so a sa hoton gini ne, amma gaskiyarsa. Yanzu kana buɗewa kwanon nan ne zai tare ka, har tsatsar kana gani, a ƙasa layi biyu kawai, cewa a ramin kuza aka fara tsintar tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928, kuma irin kayan ne suka sa Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya buɗe babban gidan tarihin Jos a 1952. Ka matsa ƙasa kaɗan ga hoton jirgin ƙasan da ke kwasar kuza zuwa Zariya kafin a rufe layin a 1957, ga tafkunan Rayfield da Bukuru waɗanda yaranmu da yawa ba su ma san ramukan haƙa ba ne.

Abin da ya fi burge ni muryar Hausa da ya sa, ka danna ka ji bayani, don tsofaffin da iyayensu suka yi aikin nan ba duka ke karatun boko ba. Lokaci, kuɗin shiga da maɓallin WhatsApp duk suna sama, ko da ƙaramar waya yana buɗewa nan take.

Inda ya gaza, ya ce sati biyu sai da muka yi wata, sannan ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati a wasu wayoyin, na matsa masa ya gyara don ba zan yarda a rubuta ƙasa a karanta kasa ba. Ya gyara bai ƙara ko sisi ba.

Jiya wata malamar firamare ta turo saƙo ta shafin, za ta kawo 'yan ajinta ranar Laraba.