Katako ko rola a tirelar jirgin ruwa?

Masu jan jirgi zuwa Epe ko Badagry a jihar Legas, rola (ƙananan tayoyin da jirgi ke zama a kansu a tirela) tafi sauƙin sauke jirgi ko ruwa ba zurfi, ba sai ka nutsar da tirela cikin ruwan gishiri ba, amma nauyin a ƴan wurare yake taruwa, jirgin faiba in ya daɗe a ajiye sai ƙasansa ya lotsa. Ni dai katako nafi so wallahi, dogaye biyu da kafet a kai, ka saita su su kwanta daidai da gangaren ƙasan jirgin har su kai can baya wajen inji tunda nan nauyi yake. In ka leƙa kaga haske tsakanin katako da jirgin toh sassauta noti ka gyara. Matsalar katako sai tirela ta shiga ruwa sosai.