Wane biki za ka je a Filifin? Ni dai Kadayawan nake zaɓar maka

'Yan uwa masu karatu a Filifin da masu shirin kai musu ziyara, tambayar nan ta yi yawa, wai in kuɗin tafiya ɗaya gare ka wane biki ya fi dacewa ka je. Mutanen nan ba sa wasa da biki, kusan kowane gari da ranar waliyyinsa, amma ba duka ne suka cancanci kuɗin jirgi da na otal ba.

Wanda kowa zai fara faɗa maka shi ne Sinulog na birnin Cebu, Lahadi ta uku a Janairu. Ana yin sa ne saboda Santo Niño, mutum-mutumin jariri Yesu da Magellan ya ba matar sarkin Cebu a 1521, har yau yana cocinsu. Rawar da kyau, taku biyu gaba ɗaya baya, kuma in kai ɗan Katolika ne wannan ibada ce a wurinka, ka je kawai. Amma cunkoson ba a magana, kuɗin ɗaki sai ya haura sama, wasu shekarun ma ana kashe sabis ɗin waya saboda tsaro, ka rabu da abokin tafiyarka ba ka da yadda za ka kira shi. Ga shi Cebu garin gasasshen alade ne, lechon, ko'ina ka juya shi ne.

Ati-Atihan na Kalibo rana ɗaya suke da Sinulog, a shafa baƙi a jiki a yi ta kiɗa da shaye-shaye a titi, ban ga abin da zai kai mai iyali ba. Dinagyang na Iloilo gasar rawa ce kawai ka zauna ka kalla. Jerin gwanon Black Nazarene, wani baƙin mutum-mutumin Yesu, na Quiapo a Manila, 9 ga Janairu, wannan ba wurin ɗan kallo ba ne sam, miliyoyin mutane ba takalmi suna turereniya, na 2012 sai da ya ci awa 22. MassKara na Bacolod rawa ce da abin rufe fuska, sai fati. Pahiyas na Lucban, 15 ga Mayu, yana da daɗin gani yadda suke ƙawata gidaje da amfanin gona, sai dai yini guda ne an gama.

To Kadayawan fa. Birnin Davao, can kudu a tsibirin Mindanao, mako na uku na Agusta, daga Manila kusan awa 2 ne a jirgi. Bikin godiya ne na kaka, an fara shi a 1986 da wani suna, a 1988 aka ba shi sunan da yake da shi yanzu lokacin Rodrigo Duterte yana magajin gari. Abin da ya sa na fi son sa shi ne ba na coci ɗaya ba ne, ƙabilu 11 na garin ne ke fitowa, shida daga ciki Musulmi ne: Maranao, Maguindanao, Tausug, Sama, Iranun da Kagan, sauran biyar kuma mutanen duwatsu ne irin su Ata da Matigsalug. A filin Magsaysay kowace ƙabila ta kafa irin gidanta na gargajiya, ka shiga ka yi sallama a amsa maka, ka ga dattijuwa da mayafi ta jera ƙananan kwanonin tagulla a gabanta, kulintang, tana kaɗa su da sanduna biyu ba ta ko kallon hannunta. Ranar rawar titi kuma kowace tawaga da kayanta da makaɗanta suna wucewa bi da bi, kamar dai hawan sallah, washegari a fito da motocin da aka lulluɓe da furanni da 'ya'yan itace.

Sai abinci, wanda ni yanzu shi nake fara dubawa kafin komai. A wani gidan abinci a wani gari daban na tambayi mai hidima har ya rantse min kaza ce zalla a taliyar, ina cikin ci na ga gutsuttsarin kitsen alade a ƙasan kwano, wallahi ranar ban sake iya sa komai a baki ba. A Davao ba ka shiga wannan tashin hankalin, akwai masallatai akwai masu abincin halal na gaske. Ka nemi pastil, shinkafa da dagargajen kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, ko tiyula itum na Tausug, baƙar miyar naman sa da ake yi da ƙonanniyar kwakwa. Lokacin durian ne ma, warinsa ne dai sai ka daure, kuma otal da yawa ba sa bari a shiga da shi ɗaki. Garin da doka, ba a shan taba a titi, ba a wasan wuta, ana binciken jaka sosai ranar fareti, don haka kar ka ɗauko jakar goyo.

Yanzu maganar 'yan damfara, don Allah a karanta nan da kyau. Ɗan Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Filifin yana Abuja, duk ejan ɗin da ya ce kawo kuɗi zai fitar maka ta bayan fage ka rabu da shi. Rajistar eTravel da ake yi kafin shiga ƙasar kyauta ce, shafin da ya nemi katin bankinka na bogi ne. Lokacin biki shafukan otal na ƙarya suna cika Facebook, hoton otal na gaske, sunan ma iri ɗaya, a ce tura rabin kuɗi ta GCash, manhajar tura kuɗi ta waya, a riƙe maka ɗaki, kana turawa an toshe ka, sai ka isa da akwati a ce ba a san da zuwanka ba. Ka kira lambar otal ɗin da kanka tukuna. Canjin kuɗi kuma a yi a banki ko cikin manyan kantuna, masu tare ka a titi da farashi mai daɗi a wajen ƙirga suke zare maka. Baƙon da ya cika fara'a ya miƙo maka lemo kar ka sha, an sha bugar da matafiya a Manila a kwashe musu kaya. Tasi in ya ƙi kunna mita ka sauka ka kira mota ta manhajar Grab.

Har rubutun halal ɗin ma ba kowanne ake yarda da shi ba, wani kwali kawai ya samu ya liƙa, ka leƙa ka ga waye ke girkin, ka tambaya ko akwai baboy, wato alade, ka tambayi man da aka yi suya da shi. Tsaraba ma haka. Saƙar inaul ta Maguindanao ta hannu za ka ga zanen ya fito gaba da baya, ta kanti bugu ne kawai bayanta fari-fari, su kuma duwatsun wuyan da ake ce maka na teku ne ka ɗan goga a haƙori, na gaske yana da ɗan kaushi, na roba sumul yake.

Wanda hutunsa bai faɗo a Agusta ba, akwai bikin Shariff Kabunsuan a Cotabato, 19 ga Disamba, na tunawa da malamin da ya kawo Musulunci yankin, da jerin kwale-kwale masu tutoci a kan kogi. Shi kam ka samu ɗan gari ya raka ka.